A Karye Muke Shigo da Ita Gari

Da zarar an gama girbi, dawa da gero sun shiga rumbu, sanyin hunturu ya fara sa mutane neman rana da hantsi, to hirar majalisarmu ta koma ta bindiga ke nan. Unguwarmu ta maharba ce tun kaka da kakanni. Na da sun yi da baka da kibiya, na bayansu suka yi da adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a harba sau ɗaya a tsaya sake ɗuri. Mu da muka taso, wadda ta fi yawa a hannunmu ita ce wadda ake karyawa a tsakiya, a zura harsashi ta baya, a mayar a rufe. Galibi mai baki ɗaya ce. Masu baki biyu ba su da yawa, kuma mai ita yakan ɗan yi tinƙaho ranar da za a fita neman zabi ko fakara.

Kowace da asalinta. Akwai masu Baikal, ƙirar garin Izhevsk na ƙasar Rasha, ga nauyi ga jure wahala. Waɗanda suke da dangi wajen Maraɗi da Damagaram sun fi sanin Simplex, wadda kamfanin Manufrance ya riƙa ƙerawa a Saint-Étienne ta Faransa, ta bazu a ƙasashen da Faransa ta mulka. Sai kuma tsofaffin na Ingila, aikin Birmingham, da suka shigo tun zamanin Turawan mulki, wasu katakonsu har ya yi baƙi saboda hannu. Malam, tsohon hedimastanmu, shi ne mai kawo mana tarihi. Ya ce wani Bafaranshe mai suna Casimir Lefaucheux ne ya fito da irin wannan ƙira a Paris wajen shekarun 1830, sannan a 1875 wasu ma'aikata biyu na kamfanin Westley Richards a Birmingham, Anson da Deeley, suka mayar da kunnuwan da ake ɗanawa da babban yatsa cikin jikin bindigar, suka ɓoye su. Shi ya sa za ka ga ta wani da kunne a waje, ta wani kuwa sumul.

Baba ba ya musu da Malam a kan tarihi. Baba shi ne dattijon da duk unguwa ke kai wa bindiga ya duba kafin a shiga daji, ba don shi maƙeri ne ba, don dai idonsa ya ga da yawa. Abin da yake faɗi kullum shi ne, wannan bindiga ba ta ɓoye cikinta. Idan a karye take, ko yaro ya hango ta daga ƙofar gida ya san ba za ta tashi ba. Adaka ba ta da wannan, sai ka zura tsinke ka auna kafin ka san ko da ɗuri a ciki. Ni ma a nan na tsaya. Duk abin da muke yi na tsare rai da wannan bindiga, daga wannan buɗewar ya samo asali, kuma duk wani mummunan labari da aka taɓa kawowa majalisa, idan ka bi diddiginsa, za ka tarar an rufe ta a inda ya kamata a bar ta a buɗe.

Kwanakin baya wani saurayi a layinmu ya zo da ta mahaifinsa marigayi, naɗe cikin tsohon zane, gida uku. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce, "Baba, ga ta nan yadda na same ta a ƙarƙashin gado. Na gwada haɗawa ta ƙi." Baba ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifinka, ya san abin da yake yi da ya ajiye ta haka. Shimfiɗa a tabarma, ɗana. Kada ka taɓa komai tukuna." Gida ukun kuwa su ne gindi, wato ƙota da ƙarfen da kunama ke jikinsa, sai bututu, sai katakon gaba da hannun hagu ke riƙewa.

Bututun Baba ya fara ɗauka. Ya ɗaga shi sama wajen haske, ya leƙa ta baya, ya daɗe yana jujjuya shi a hankali. Abin da ake nema shi ne a ga haske ya tafi santal har baki, zobe cikin zobe, babu inda ya karkace. Inda inuwa ta lanƙwashe, to akwai loɓawa ko kumburi a wurin. Ya bi bayan bututun da tafin hannu daga sama har ƙasa, don wani kumburin hannu ne ke jin sa kafin ido. Da yake mai baki biyu ce, sai ya rataye bututun a yatsa ta ƙugiyar da ke ƙasansa, ya ƙwanƙwasa da bayan farce. Ya yi ƙara mai tsawo, tas. Baba ya gyaɗa kai. Da ya yi ƙara a dakushe, ko aka ji wani abu na kaɗawa, to dalmar da ta liƙe bututun biyu da ƙarfen tsakiyarsu ta saki, kuma tsatsa na iya cin ciki a inda ido ba ya kaiwa.

Sannan ya goge ƙugiyar da tsumma, ya goge ƙusar mahaɗa da ke gaban gindi, wadda bututun ke juyawa a kanta, ya lakato giris kaɗan a kan yatsa ya shafa. Ya ce wa yaron, "Riƙe ƙota da hannun dama, ka matse ta a haƙarƙarinka. Tura sakatar sama zuwa dama da babban yatsa, ka riƙe ta a nan. To ɗauko bututu da hagu, bakinsa na kallon ƙasa. Saƙala ƙugiyar a kan ƙusar." Nan ne yaron ya kasa a gida. Ɗan ƙarfen nan da ke turo kwanson harsashi waje ya noƙe ciki, yana tokare hanya. Baba ya jawo shi waje kaɗan da farce, ƙugiya ta faɗa mazauninta ba tare da an matsa ba. Aka ɗago a hankali har ta rufe, sakata ta koma wurinta da kanta. Sai katakon gaba: a fara zaunar da gindinsa a jikin ƙarfe, sannan a danna shi zuwa bututu har a ji ƙas. Baba ya sa ya karya ta ya rufe, ya sake karyawa ya rufe, don a tabbata komai ya zauna. Ya ce, "Idan ta ƙi shiga, ba ƙarfi take nema ba. Wani abu ne bai daidaita ba. Sauke ka sake dubawa. Duk wanda ka ga ya ɗauko guduma a kan wannan aiki, karɓe bindigar daga hannunsa."

Warwarewa kuwa baya ake komawa. A karya a tabbata babu harsashi, a rufe, a cire katakon gaba ta ɗan maɓallin da ke jikinsa, a riƙe bututu da kyau, a tura sakata, a sauke bututun daga ƙusa. Wanda ya manta bai riƙe bututun ba, zai ji shi a kan daɓe, kuma loɓawa ɗaya ta isa ta ɓata shi.

Wannan leƙen bututu da Baba ya fara da shi, mu nan ba ma wasa da shi, kuma zanzaro ne ya koya mana. Ka rataye bindiga a bango tun farkon damina, zanzaro ya samu rami mai duhu da sanyi, ya yi ta jigilar laka yana gini a ciki. Kaka ta yi, ka sauko da ita, daga waje tsaf take. Ka sa harsashi ka harba, wuta ta tarar da hanya a toshe, bututu ya kumbura ko ya tsage, kuma abin yana iya faruwa daidai inda hannun hagu yake. Akwai dattijo a ƙauyen gabas da mu da yake gaisawa da yatsu uku saboda wannan. Ba zanzaro kaɗai ba. Ka yi tuntuɓe a fadama bakin bindiga ya caki taɓo, ya isa. Shi ya sa idan mutum ya faɗi a daji, ko da bai ji ciwo ba, ba a ci gaba da tafiya sai ya karya, ya zare harsashi, ya leƙa.

A kan maganin zanzaron ne ake samun saɓani. Kawu mai shayi, wanda shi ma yana taɓa harbi, yana cusa tsumma a bakin tasa. Baba ba ya son wannan ko kaɗan. Ya ce tsumman da ka cusa da hannunka, ranar da kura ta shigo garke da tsakar dare ba za ka tuna da shi ba, ka ga ka toshe abin da kanka. Gara a warware ta, a goge, a sa a akwati mai murfi. Kawu ya ce shi yana ɗaura jan ƙyalle mai tsawo a jikin tsumman don ya gani. Baba ya ce, "A duhu wane ja za ka gani?" Har yau ba su daidaita ba, amma na lura matasa hanyar Baba suke bi, kuma ina ganin ita ce daidai.

Sai maganar harsashi, inda muka fi sakaci. Yawancinmu lamba 12 muke riƙewa. Malam ya ce lambar ta samo asali ne daga awo: idan aka mulmula dalma daidai faɗin ramin bututun, guda 12 ne za su yi laba ɗaya, faɗin kuwa wajen milimita 18 da rabi ne. Ma'ana, idan lamba ta ƙaru rami raguwa yake yi, lamba 16 ta fi 12 ƙanƙanta, 20 ta fi 16. Mutanen ƙetaren iyaka suna da lamba 16 da dama, saboda Faransawa sun so ta. Haɗarin da ya fi kowanne shi ne harsashin lamba 20 ya shiga aljihun mai lamba 12. Idan ka zura shi, ba ya tsayawa a bakin ɗaki, sai ya zurma ciki ya maƙale a gaba. Ka ja kunama shiru. Ka karya ka ga ɗaki wayam, ka ɗauka mantawa ka yi ba ka sa ba, ka ƙara lamba 12 a bayansa. Abin da zai biyo baya ba a fatan ko maƙiyi ya gani. Saboda wannan ne masu ƙera harsashi da yawa suke yin lamba 20 ruwan ɗorawa, don a bambance. Mu dai dokarmu ita ce, aljihu ɗaya lamba ɗaya, kuma ba a karɓar aron harsashi a daji sai an karanta gindinsa.

Tsawo ma haka. Akwai milimita 65, akwai 70, akwai 76, kuma a rubuce yake a jikin bututu, galibi a ƙasa inda katakon gaba ke rufewa, tare da hatimin gidan gwaji. A Birmingham akwai irin wannan gida tun 1813, inda ake gwada bututu da ɗuri mai ƙarfi fiye da na kullum kafin a buga masa hatimi. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, tsawon da aka rubuta na kwanson da ya riga ya buɗe ne bayan harbi. Don haka harsashin 76 zai shiga ɗakin 70 lafiya lau, bindiga ta rufe, mutum ya ce ai ya shiga. Sai an harba bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, ƙarfin wuta ya haura abin da aka gina ƙarfen a kai. Tsofaffin na Ingila da yawa 65 ne, su kuwa harsasan kasuwa na yanzu mafi yawa 70 ne. Wanda ya gaji irin wannan ya kamata ya karanta jikinta kafin ya je sayen harsashi. Akwai ma waɗanda suka fi tsufa, masu zane a jikin bututu kamar an murɗa igiya, waɗanda aka yi don baƙin albarushi na da. Waɗannan ba a sa musu harsashin zamani sam.

Idan ka ja kunama ka ji ƙas babu tashi, ba a karyawa nan take. A riƙe ta bakinta na kallon inda babu kowa, a ƙirga talatin a hankali, don wani harsashin da ya sha sanyi yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Idan kuma ta tashi amma ƙarar ta fito a raunane, kafaɗa ba ta ji duka ba, to a tsaya a leƙa, wataƙila toshiyar robar da ke cikin harsashi ta tsaya a tsakiyar bututu. Harsashin da ya kumbura, ko gindinsa ya yi kore da tsatsa, ba a tilasta masa shiga. Ajiyarsa kuma wuri mai sanyi marar laima, ba saman bango ƙarƙashin kwano ba inda zafin bazara ke dafa shi.

Mai kuwa, a nan ne ake raha sosai, don kowa da abin da ya gada. Wani man gyaɗa, wani manja, wani baƙin man da aka juye daga injin babur. Man girki yana daskarewa ya yi danƙo, ya riƙe allurar da ke dukan gindin harsashi, ranar da ake bukata ta ƙi fitowa da ƙarfi. Baƙin mai kuwa datti ne da gurɓataccen ƙarfe a cikinsa. Telan da ke zama da mu ne ya raba gardama da ya ce, wanda bai samu man bindiga na ainihi ba, ya zo ya sayi na keken ɗinki, siriri ne kuma ba ya danƙo. Baba ya yarda da wannan, amma ya ƙara da cewa yawan mai ma cuta ne. Da hunturu ƙura tana shiga ko'ina, ta haɗu da mai ko giris a mahaɗa ta zama abin da ke cin ƙarfe a hankali duk lokacin da aka buɗe aka rufe. Saboda haka ba ƙari ake yi a kan tsoho ba. A goge tsohon tas, sannan a sa sabo ɗan kaɗan.

Yadda muke wanki bayan an dawo daga daji ba wuya gare shi, sai dai ba a kwana ba a yi ba. A warware ta. A samu sandar katako ko ta tagulla, ko igiya mai ƙarfi da aka ɗaura wa tsumma, a shigar ta baya a fitar ta baki. Sandar baƙin ƙarfe tana ƙarzar ciki, ba ma amfani da ita. Tsumma na farko da ɗan mai zai fito baƙi ƙirin, a canza, a yi ta yi har ya fito fari. Gaban ɗakin harsashi kaɗan, inda rami ke tsukewa, nan dalma da roba suke liƙewa, sai an sa buroshi. Ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke turo kwanso kuwa tsohon buroshin haƙori ya fi komai, don ƙwayar yashi ɗaya a wurin tana hana bindiga rufuwa daidai. Daga ƙarshe a bi ciki da waje da tsumma mai ɗan maiƙo. Gumin hannu yana sa tsatsa, jinin nama ya fi shi sauri, wanda ya ɗauki zabuwa ya koma ya riƙe bututu zai ga shaidar yatsunsa washegari. Toka da yashi da takardar gogen katako, waɗanda wasu ke sawa don ta yi ƙyalli, suna cire baƙin fentin da ke kare ƙarfen ne kawai. Kafin a sake fita kuma a bi cikin bututun da busasshen tsumma, kada a harba da mai kwance a ciki. Wanda ya gama ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a tuwo, dalma guba ce.

Wani abu da ban san shi ba sai a bakin Baba: idan za a jingine ta a haɗe na ɗan lokaci bayan an shafa mai, bakinta ake juyawa ƙasa a kan katako mai tsabta. Idan aka tsayar da ita a kan ƙota, mai yana gangarowa ya shiga katakon inda ya haɗu da ƙarfe, ya jiƙa shi ya yi laushi, da shekaru sai ya tsage a wuya. Kuma kada a bar ta cikin jakar fata ko buhu da damina, suna riƙe laima. Gara ma ba ta raina ƙotar da aka jingina da bangon ƙasa.

Bindiga tana tsufa, kuma tana nuna alama. Baba yakan cire katakon gaba, ya riƙe ta a ƙota ya girgiza. Idan ya ji bututu na motsi, to mahaɗa ta ci. Yakan ɗaga ta wajen haske a rufe ya duba tsakanin bayan bututu da fuskar ƙarfen gindi, idan haske ya ratsa, magana ta ƙare. Sakatar sama ma tana ba da labari: a yawancinsu, tana sabuwa takan tsaya ɗan dama da tsakiya, tana tsufa tana matsowa, idan ta wuce tsakiya zuwa hagu to abin da ke kulle ta ya gaji. Abin da ke saurin kawo wannan shi ne rufewa da fizga, irin ta matasa masu son a ji ƙara. Mu yadda aka koya mana, bututu na kallon ƙasa, ƙota ake ɗagowa ta same shi a hankali, yatsa nesa da kunama. Haka ko da ta tashi wajen rufewa, ƙasa za ta samu. Jan kunama a kan ɗaki wayam don wasa shi ma yana karya allura.

To idan ta saki fa? A nan ne nake jin zafin abin da muke yi. Sai ka ga mutum ya ɗauke ta ya kai wa mai walda a bakin kasuwa, ko ya naɗe wuyan ƙota da waya da robar taya, ko ya cusa guntun gwangwani a mahaɗa don ta daina motsi. Mai walda gwani ne a ƙofa da taga, amma wutarsa tana narkar da dalmar da ta riƙe bututu, tana kuma canza ƙarfin ƙarfen da aka gina don ya jure fashewa a tazarar taƙi ɗaya daga fuskar mutum. Wanda ya yi wannan bai rage kuɗin gyara ba, idonsa da yatsunsa ya sa a caca. Tsohon ɗan sandan da ke zama da mu yakan tuna mana cewa dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ba ta bar kowa ya yi sana'ar gyaran bindiga ba sai da izini. Ita ce kuma ta ce irin wannan bindiga sai da lasisi daga hukumar Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuwa daga Kwamishinan 'yan sandan jiha, ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, kuma laifi ne a yanke bututu ya gaza inci 20. Shi ne ya ja saurayin nan gefe ya ce masa, "Ɗana, lasisin mahaifinka sunansa ne a jiki, ba ya bin gado. Kafin ka fita da ita ko ƙofar gida, mu je ofis a yi abin da ya kamata."

Tafiya da ita kuwa, duk wanda ya ga maharban unguwarmu sun dawo zai gan su da bindiga a karye, rataye a gwiwar hannu, ɗaki wayam. Haka ake shiga gari, haka ake hawa babur, haka ake tsallake rafi ko shingen gona, haka ake miƙa wa wani. Wanda ya miƙo maka a rufe, kada ka ji kunyar karyawa a gabansa ko da ya girme ka, Baba da kansa ya ce a yi masa haka. Wasu suna dogara da sefti, ɗan maɓallin nan na bayan sakata. A yawancin waɗannan bindigogi kunama kawai yake riƙewa, abin da ke ciki yana nan a ɗane, idan ta faɗi da ƙarfi tana iya tashi. Masu kunne a waje kuma ba a tafiya da kunne a ɗane, reshe ɗaya ya isa. Liman ya taɓa tuna mana a nan majalisa cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Ya ce to ina ga abin da ya fi kibiya sauri. Ƙananan ƙwayoyin harbin tsuntsu suna tafiya mita 200 zuwa 300, manya sun wuce haka nesa, don haka kafin ka ɗaga wa hasbiya sai ka san ko akwai mai kiwo ko mai itace a bayan kurmin. Motsin ciyawa ba nama ba ne sai ka ga naman da idonka.

Nakan ji haushi idan abu ya faru aka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, aka shafa fatiha aka tashi. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu. Amma wanda ya jingine bindiga da harsashi a bayan ƙofa, a gidan da yara ke wasan ɓuya, ba zai fake da wannan magana ba. Haka masu cewa an dafa su, ko layar da ke ɗaure a ƙota ba za ta bari ta ci na gida ba. Mun ga waɗanda suka gwada, mun kuma raka su makwanci.

Matanmu sun fi mu tsayawa a kan wannan, don su ne ke wuni da yara. Uwargidan Kawu ce ta fara, ta ce masa, "Maigida, ko dai a samo akwati mai kwaɗo, ko ta koma shago ta kwana da tukunyar shayi." Ya kira kafinta washegari. Daga nan abin ya bi gida gida. Yanzu yawancinmu a warware muke ajiyewa cikin akwati a kulle, harsasai a wani wuri dabam da nasu kwaɗon, mabuɗi a jikin maigida. Wasu har katakon gaba suke raba shi da sauran. Masu cewa idan ɓarayin shanu suka zo da dare fa, ina lokacin haɗawa, Baba yakan ce musu wanda hannunsa ya saba ba ya daɗewa wajen haɗa gida uku, kuma wannan ɗan jinkirin ne zai ba shi damar gane ko mai motsin nan a zaure ƙaninsa ne ya dawo daga kallon ƙwallo. Yaran da suka fara tasawa kuma ba ɓoye musu muke yi ba, don ɓoyo yana ƙara musu kwaɗayi. Ana zaunar da su a nuna musu yadda ake karyawa da leƙawa, a gaya musu ko sun gan ta a gidan wani kada su taɓa, su kira babba.

Abu ɗaya da har yanzu muka kasa karɓa shi ne toshe kunne. Kusan duk tsohon maharbi a nan sai ka zagaya ta damansa kafin ya ji ka, don mai harbi da kafaɗar dama kunnen hagunsa ne ke fuskantar ƙarar. Baba ma haka yake. Ɗan jikansa da ke aiki a asibiti ya kawo masa ƙananan abin toshe kunne na soso, ya ce, "Kaka, naka ya riga ya tafi, amma ka ba yaran da kake koya wa." Baba ya raba wa matasa. Wasu suna sawa idan ana gwaji a bayan gari, a daji kuwa sun ce suna bukatar jin tashin fakara.

Ta saurayin nan dai ta tsallake duban Baba, bututu lafiya, mahaɗa ba motsi, 70 a rubuce a ƙasanta. Ta wani maƙwabcinmu ce ba ta tsallake ba, Baikal mai baki ɗaya da ta sha daji, haske na ratsa bayanta, ga tsatsa ta yi ramuka a ciki. Ya ce zai kai kasuwar ƙauye ya sayar ya cika ya sayi wata. Baba ya ce, "Alhaji, wanda zai saya ɗan wani ne, kuma a fuskarsa za ta fashe." Tsohon ɗan sanda ya ƙara da cewa sayar da ita hannu da hannu ba tare da takarda ba ma laifi ne a kansa. Alhaji ya yi shiru, ya ce a bar shi ya kwana da maganar. Ranar Litinin shi da tsohon ɗan sandan suka hau babur da ita a warware cikin buhu, suka kai ofishin 'yan sanda aka karɓa aka ba shi takarda.